Shekara Biyu Ina Roƙo, Mijina Ya Rasu: Har Yanzu Ni Mai Bi Ce?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata 'yar'uwa mazauniyar Sabon Gari, nan Kano, wadda ta roƙa a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto, a taƙaice:

"Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mijina ya yi shekara biyu yana fama da ciwon ƙoda, ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, har ɗan jarin da nake juyawa a kasuwar Sabon Gari ya ƙare, muka shiga bashi. Babu irin addu'ar da ban yi ba. Na yi azumi, na kwana a coci, Zumuntar Mata sun yi ta zuwa gidanmu. Wani mai wa'azi ya ce in ba da kuɗi a matsayin iri, mijina zai tashi, na sayar da keken ɗinkina na kai masa. Yau wata bakwai ke nan da mijina ya rasu ya bar ni da yara uku. A wurin ta'aziyya wata ta ce mini da bangaskiyata ta kai, da bai mutu ba. Tun daga ranar, in na durƙusa sai in ji kamar da bango nake magana. Ina zuwa sujada saboda yara, ina buɗe baki a waƙa, amma zuciyata tana tambaya ko akwai mai ji. Babban ɗana mai shekara 12 ya tambaye ni abin da ya hana Yesu warkar da babansu, na rasa amsa. Baba, har yanzu ni mai bi ce, ko na riga na faɗi?"

'Yata, sannu da rashi, sannu da ɗawainiya. Allah ya ta'azantar da ke, ya raya abin da aka bari, ya albarkaci bayansa. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin na ga ita ce take hana ki barci. Har yanzu ke mai bi ce. Wanda ya raba gari da Allah ba ya zama cikin dare yana rubuta wasiƙa don ya ji ko an kore shi daga gida, yakan kaɗe rigarsa ne ya kama gabansa. Zafin da kike ji irin na wadda ta sa rai ga wanda ta amince da shi ne, ta ƙwanƙwasa ƙofarsa har hannunta ya yi ciwo, aka kuma yi mata shiru. Dalilin da ya sa aka ɗauki mijinki a wannan lokaci ba a ba wa wani ɗan'adam saninsa ba, fasto ne ko mai kiran kansa annabi, don haka duk wanda ya zo miki da cikakken bayani, ki gode masa, ki bar masa kayansa.

Maganar matar nan ta wurin ta'aziyya ita ce ƙayar da ta fi shiga, saboda haka a kanta zan ɗan daɗe. Mai yiwuwa ba da mugunta ta faɗa ba, yawancin masu irin wannan magana tsoro ne yake sa su, domin in suka yarda cewa mace mai addu'a kamarki za ta iya rasa miji, to, sun yarda ke nan cewa su ma ba su tsira ba. Amma rashin mugunta ba ya mai da ƙarya gaskiya. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12 ki karanta a tsanake. A farkon surar sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, kuma a layi ɗaya tak aka ba da labarin aka wuce. Daga nan ya kama Bitrus, ikkilisiya ta dukufa da addu'a, mala'ika ya zo cikin dare ya fitar da shi daga kurkuku. Gari ɗaya, ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu da suka kasance cikin mutum ukun da suka fi kusa da Yesu, ɗaya ya mutu, ɗaya ya tsira. Shin za mu ce bangaskiyar iyalin Yakubu ce ta gaza? Ki kuma lura da abin da ya faru sa'ad da Bitrus ya isa gidan da ake yi masa addu'ar yana ƙwanƙwasa ƙofa. Yarinyar nan Roda ta gane muryarsa, ta ruga ciki ta faɗa, sai masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Mutanen da aka amsa wa roƙo ke nan, amsar tana tsaye a bakin zaure amma sun ƙi yarda. Da a ce da mudu ake awon bangaskiya kafin a amsa addu'a, da waɗannan ba su cika ko rabinsa ba.

Bulus da kansa, wanda aka warkar da mutane da dama ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, sai aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Kuma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti ya ambata, ba tare da wani kame-kame ba, cewa ya baro abokin tafiyarsa Tarofimas a Militus ba shi da lafiya.

Na san akwai ayoyin da suke yi miki nauyi, ba kuwa zan yi kamar ban san da su ba. A Markus 11:24 Yesu ya ce duk abin da muka roƙa cikin addu'a mu gaskata mun samu, zai kuwa zama namu. Kin riƙe wannan ayar shekara biyu kamar igiyar guga, yanzu kina ganin ta tsinke a hannunki. Abin da zan ce miki shi ne ki ƙara buɗe sura uku gaba, zuwa sura 14. Wanda ya faɗi waccan maganar shi ne ya faɗi ƙasa a lambun Gatsemani yana cewa Uba, kome mai yiwuwa ne a gare ka, ka ɗauke mini ƙoƙon nan, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uban. Sau uku ya koma yana wannan roƙo, ƙoƙon kuwa ba a ɗauke shi ba. Babu mai bin da zai iya buɗe baki ya ce bangaskiyar Yesu ce ta kasa. Saboda haka alkawarin sura 11 dole a karanta shi tare da daren sura 14, domin baki ɗaya ne ya furta su duka biyun. Addu'a roƙon ɗa ne a gaban uba, uba kuwa yana da ikon ya ce i, yana da ikon ya yi shiru, ko da ɗan bai ga dalili ba. Ba na cewa wannan ya sauƙaƙa abin. Amma ya ɗauke laifin daga kanki, ya kuma nuna cewa wanda kike kuka gare shi ya san ɗanɗanon roƙon da ba a biya ba.

Game da mai wa'azin da ya karɓi kuɗin keken ɗinkinki, ba zan yi kwana-kwana ba: ya zalunce ki. Sa'ad da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Baiko da zakka suna da gurbinsu a ikkilisiya, amma warkarwa ba haja ba ce da ake kasawa a kasuwa, kuma wanda ya dubi matar majinyaci ya yanka mata farashi, ya ci amanar sunan da yake kira. Ke kuwa kada ki riƙa cizon yatsa kina kiran kanki wawuya. Ƙauna ce ta sa ki, wanda ruwa ya ci kuwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai dai ki lura da wani abu: wani kaso na fushin da kike yi da Allah, fushi ne a kan alkawarin da mutumin nan ya ɗauka da sunan Allah, alhali Allah bai aike shi ba. In kika ware wannan gefe, za ki ga kayan sun ɗan ragu.

Akwai kuma abin da likitoci suka sani wanda ya kamata ki riƙe. Idan ƙoda ta kai matakin ƙarshe na lalacewa ba ta farfaɗowa, wankin da ake yi yana ɗaukar wani ɓangare ne kawai na aikinta don a ja kwana, kuma dashe ne kaɗai yake maye gurbinta, shi ma ga wanda ya sami mai ba shi da kuma halin biya. Shekara biyun nan da kika yi kina kai shi kina dawo da shi, kina sayar da abin hannunki, su ne a zahiri suka ba yaranku ƙarin shekara biyu da mahaifinsu. Ba a banza suka tafi ba.

To, yaya za a yi da wannan shiru da kike ji in kin durƙusa? Shawarata ita ce ki daina yi wa Allah kara. Mu Hausawa an rene mu da kunya da kawaici, mukan kuma shiga da su har cikin addu'a, sai mutum ya durƙusa zuciyarsa tana tafasa amma bakinsa yana jera godiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Cikin zabura 150 da muke da su, da yawa kuka ne da ƙorafi. Ta 13 ta fara ne da tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da mai roƙon. Ta 22 ta fara da tambayar don me Allah ya yashe shi, kuma ita ce Yesu ya ɗauka a bakinsa a kan gicciye. Amma wadda nake so ki karanta a wannan makon ita ce ta 88. Yawancin zaburan kuka sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, ita kuwa wannan ba ta juya ba. Mai ita ya ce yana kira dare da rana, ya ce Allah ne ya jefa shi cikin rami, ya tambaya ko matattu za su tashi su yi yabo, sa'an nan ya rufe da maganar duhu, ba haske ko na ashana. Duk da haka aka ajiye ta cikin Littafi Mai Tsarki, a tsakiyar littafin waƙoƙin jama'ar Allah, aka yi ta rera ta tsara bayan tsara. In Allah bai ji kunyar wannan addu'ar ba, ba zai ji kunyar taki ba.

Ki tuna kuma da ƙarshen labarin Ayuba. Abokansa uku sun yi kwana bakwai suna zaune tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, wannan kuwa shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka shiga kare Allah, suna cewa lalle akwai zunubin da Ayuba ya ɓoye. Ayuba kuwa ya yi ta gardama, ya la'anci ranar da aka haife shi, ya nemi a tsaya shari'a tsakaninsa da Mahaliccinsa. A sura 42, da Allah ya yanke hukunci, abokan ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya faɗa. Mai ƙorafin aka wanke, masu wa'azin aka tsawata wa. Bari in ɗan ratse in faɗi laifinmu mu shugabanni: ranar Lahadi mukan ba da fili ga mai shaidar samun aiki, da mai shaidar haihuwa, da wanda ya tsira daga haɗarin mota, a yi tafi a yi guɗa, amma ba mu da fili ga wadda ta roƙa ba ta samu ba kuma ga ta zaune a benci. Da haka muka koya wa mutane cewa irinki ba su da abin faɗa a gidan Allah, alhali zamanki a bencin nan shaida ne da ya fi wasu da dama nauyi.

Shakka ta taɓa kama wanda ya fi ni ya fi ki. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun ya ce ga Ɗan Rago na Allah, da ya daɗe a kurkukun Hirudus sai ya aiki almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a sa ido ga wani. Yesu bai tsawata masa ba. Ya aika masa da labarin abin da ake gani, sa'an nan ya juya ga taro ya ce cikin duk waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi Yohanna girma ba. Ya faɗi haka ne a daidai ranar da tambayar shakkar ta iso. Kuma Yohanna bai fito daga kurkukun ba, a can aka fille masa kai.

Ko a tarihin zuwan bishara ƙasar nan tamu akwai irin wannan shiru. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Mahaifiyar Gowans, can a Kanada, tana cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin wannan tafiya a addu'a. Kafin 1894 ta ƙare, ɗanta ya rasu a Girku ta wajen Zariya, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa daga baya ya koma gida bayan fama da zazzaɓi. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mai da shi, sai a 1902 aka sami kafa tasha ta farko a Patigi. Daga wannan aikin ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, daga shi ne kuma aka sami asibitin idon nan na Sabon Gari da Kirista da Musulmi suke zuwa daga nesa da kusa. Ban kawo wannan don in ce miki ki jira za ki ga ribar mutuwar mijinki ba, wannan magana ce mai arha. Na kawo shi ne don ki ga cewa uwar nan ta roƙi ran ɗanta ba a ba ta ba, samarin biyu kuma sun rufe ido ba su ga kome ba, amma ba wanda yake cewa ba a ji su ba.

Ni ma na taɓa tsayawa inda kike. Shekaru da dama da suka wuce muka binne 'yarmu ta biyu tana ƙarama, bayan jinyar da duk ikkilisiya ta yi azumi a kanta. Na fi shekara ina hawa bagade ina wa'azi, in na dawo gida in kasa yin addu'ar cin abinci. Abin da ya riƙe ni shi ne wani dattijo da yakan zo da yamma, ya zauna a ƙofar gidana, mu yi shiru tare, in zai tafi ya ce yau ma ya yi addu'ar a madadina.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi. Kada ki tilasta wa kanki doguwar addu'a ko azumi a yanzu, jikinki da zuciyarki sun gaji. In abin da kika iya shi ne ki ce, "Ubangiji, ga ni, ban ji ka ba," ya isa na wannan rana. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus 9 cewa ya yi ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma da wannan rabin maganar aka karɓe shi. In an ba ki jagorar addu'a a Zumunta kina iya neman a ɗaga miki na ɗan lokaci, amma kada ki daina zuwa. Toma ya ce ba zai gaskata ba sai ya taɓa gurbin ƙusoshi, duk da haka bayan kwana takwas yana cikin ɗakin tare da 'yan'uwansa, a can ne kuma aka same shi. Zuwan da kike yi saboda yara, kada ki raina shi.

Ki nemi gwauruwa ɗaya a ikkilisiyarku wadda ta daɗe da rashi, mai riƙe sirri, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Batun bashi kuwa ki kai shi gaban fasto da dattawa ba tare da jin nauyi ba, domin kula da gwauraye shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi mutum bakwai a Ayyukan Manzanni sura 6, hakkinki ne a kan ikkilisiya. In suna da halin taimaka miki ki sake mallakar keken ɗinki, wannan ya fi kowace irin ziyara amfani. Ki je kuma a auna jininki da sukarinki, tun da hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, masu jinya kuwa sukan manta da kansu. Idan kika ga barci ya ƙaurace miki makonni, abinci ba ya shiga, ko tunanin gara ki bi shi yana yawan zuwa miki, kada ki kwana da shi, ki gaya wa wani na kusa, ki kuma ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke duba irin wannan damuwa, kuma zuwa can ba gazawar bangaskiya ba ce.

Saura maganar yaron. Kada ki ce masa Allah ya fi mu bukatar babansa, domin yaro mai shekara 12 zai ji cewa Allah ɗan ƙwace ne. Kada kuma ki hana shi tambayar. Ki zaunar da shi bayan ƙannensa sun yi barci, ki ce masa kun roƙa da dukan zuciyarku, ba laifinsa ba ne, ba laifinki ba ne, ba kuma laifin babansa ba ne, ke ma kina yi wa Allah wannan tambayar. Sa'an nan ku karanta Yohanna sura 11 tare, inda Marta da Maryamu kowacce ta ce wa Yesu da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba, shi kuwa bai ce su yi shiru ba, ya tsaya a wurin ya yi hawaye tare da su kafin ya yi kome. Ki nuna masa inda Yesu ya ce shi ne tashin matattu, domin a kan wannan begen kuka binne babansa. In kuka ya zo miki a gabansa ki bar shi ya zo, kada ki tashi ki shige ɗaki.

Ki gaishe mini da yaran duka ukun. In kun yi wannan zaman, ki sake rubuto mini ki gaya mini abin da babban ya ce.